Yadda Na Duba wa Ummi Makaranta Kamar Mai Sayen Saniya

Zuwa ga Kulu, uwar Sani, wadda ta riga ni tafiya shekara shida ke nan.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ban cika yi miki ba sa'ad da kike raye, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Mu nan Amrigebe lafiya lau muke. Ruwa ya ɗauke, taɓon ƙofar gida ya fara bushewa, darbejiyar da kika shuka ta wuce katanga har tana zubar wa maƙwabta ganye suna ƙorafi. Gwiwata ta hagu tana nan yadda kika bar ta.

Kada ki yi mamaki ki ce yaushe Garba ya koyi rubutu. Bai koya ba, ba kuma zai koya ba. Allon ma kin san inda na tsaya na gudu bin shanu. Takwararki Ummi, 'yar Sani, ita ce zaune a kan tabarma tana danna waya, ni ina faɗa tana sawa. Na gindaya mata sharaɗi biyu: duk abin da ya fito bakina za ta rubuta ba gyara, kuma ba za ta sa baki ba sai na kai ƙarshe. Ta ce in mun gama za ta ajiye wasiƙar a inda ƙawayenta da mutanen da ban sani ba za su karanta. Na ce su karanta, ba sata na yi ba. Amma da ke nake.

Ga labarin. Ummi ta ci bak, babbar jarrabawar gama sakandare. Na ɗauka za ta ce likita ko aikin ofis mai sanyi, sai ta ce ita malamar firamare za ta zama, ta ƙananan yara masu majina. To, ba laifi. Sai dai makarantun horon malamai biyu ne a gabanta. Ɗaya tana nan kusa da mu, mai shuɗin ƙyaure, tafiyar da ko ni da gwiwata ina yin ta kafin shayi ya huce. Ɗayar kuwa tana Abeshe, can gabas, yini guda cur a mota. Ranar Litinin mai zuwa za ta kai dosiye, takardun neman shiga, kuma dole ta rubuta guda ɗaya a ciki. Ita Abeshe take so. Sani ya ɗaga hannu ya ce, “Abin da Baba ya yanke shi ke nan,” ya koma mahauta abinsa ya bar ni da wutar.

Kin san abin da na yanke tun kafin a gama tambayata. Tun da kika tafi, Ummi ce ke kawo mini shayi bayan la'asar. Ita kaɗai ce a gidan nan ke zama ta ji ina jero kakanni ba ta yi hamma ba. Sauran, da zarar na ce “Malam Bawa ya taso daga Haɗeja,” sai kowa ya tuna an aike shi. In ta tafi, wa zan faɗa wa? Bango?

Na ce mata, “Ga makaranta a bayan gida, ko tari kika yi zan ji.” Ta ce, “Ai shi ya sa, Tsoho.” Mako uku muna haka. Shayin yana zuwa, amma sukarinsa kullum raguwa yake.

Kin tuna shekarar da za a sa Ummi lekol, makarantar boko? Ni ne na ce ba ta zuwa. Na zauna a zaure na kafe, na ce mu ba mu gaji wannan ba. Ke kuwa kika ƙyale ni. Kika jira na tafi kasuwar shanu, kika ɗaura mata ɗankwali, kika ja hannunta. Da na dawo ina faɗa, kika ce, “Garba, ci tuwonka, faɗan zai jira ka.” Har yau yana jira.

Kin tuna kuma abin da ya biyo baya. Yarinyar ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, daga Hausar gida sai Larabcin titi. Ta shiga aji ta zama bebiya. Wata biyu ba wanda ya ji muryarta, kullum ta dawo da siket a jiƙe da hawaye. Na ce ai na faɗa. Ke kuwa sai kika ɗauki farantin gyaɗa kika je kika zauna ƙarƙashin tagar ajinsu, wai talla kike yi. Kika riƙa ɗaura kallabin nan rawaya, dogon ɗauri, don ta hango bakinsa ta taga ta san kina nan. Zango guda kina zaune a rana. Gyaɗar ma rabinta ke kika cinye.

To, da na ga rigimar Abeshe ba ta mutuwa, sai na ce zan je in duba makarantun da idona. Takarda ba zan iya karantawa ba, amma shekara arba'in ina dillancin shanu, ba a taɓa sa mini gurguwa a hannu ba.

Na fara da ta kusa. Na sa rigata ta sallah, na ɗauki sanda. Direktan wurin mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya fara nuna mini takardu masu hatimi da aka rataye a bango. Na ce masa da Larabcin kasuwa, “Malam, ni ba na duba igiya, dabbar nake dubawa. Fito mini da ɗalibanka tsakar gida su yi tafiya in gani.” Kulu, mutumin nan ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, “Haj, haƙoransu ma za ka duba?” Na ce in ya yarda. Ya sa aka kawo mini shayi, sannan ya ce waɗannan ba su nuna ba tukuna, in ina son ganin aikinsu in je in ga wanda suka riga suka yaye. Ya kwatanta mini wani malami, Metir Abakar, da ke koyarwa a unguwar Sabangali. Na ce wannan direkta da ya shiga kasuwarmu da ya ci abinci.

Washegari na je Sabangali, wajen bakin kogi. An riga an gaya wa Metir Abakar ina zuwa. Ina shiga yara suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ni da murya guda, kamar wani gwamna. Aji a share. Rubutunsa a allon bango a miƙe kamar an ja da zare. Ya faɗa su maimaita, ya faɗa su maimaita, ba mai motsi. Aka ajiye mini kujera a baya, iskar kogin Shari tana shigowa, na ɗan yi gyangyaɗi, ba don rashin daɗi ba. Wallahi ban samu aibi ko ɗaya ba. Malami ne na ƙwarai, Allah ya ƙara masa.

Na dawo gida ina taƙama, har na saya wa Ummi karkanji, zoɓo mai sanyi, a hanya don ta haɗiye labarin da shi. Na ce magana ta ƙare, kalas. Ta shanye karkanjin tas, ta ajiye kofi, sannan ta ce, “Tsoho, saniya ɗaya ka gani. Kuma mai ita yana tsaye.”

Kulu, kin ga abin da zama da ni ya jawo. Sau ɗari na gaya mata yadda nake ciniki: ban taɓa saya ba sai na ga ta biyu, kuma sai na koma na leƙa dabbar lokacin da mai ita bai san ina kallo ba. Da igiyata ta ɗaure ni. In na ƙi, na zama dillalin banza a gaban jikata. Ta ce akwai wata Madam Marta da ta yi horonta a Abeshe, tana koyarwa a Gasi. Na ce zan je, ni kaɗai, ba kuma wanda zai sanar da ita. A raina kuwa na ce ko ƙuda ne ya sauka a allonta sai na kawo shi gida a matsayin hujja.

Gasi yanzu ba Gasin da kika sani ba ne. Inda muke kai shanu su yi kiwo duk ya zama gidaje, wasu da rufi wasu suna jiran rufi. Kar biyu na hau, irin ƙananan motocin nan da ake cusa mutum kamar buhun gawayi. Wata mata ta ɗora mini kwandon busasshen kifi a gwiwar da ba ta da lafiya, ta ce in riƙe mata tun da ba abin da nake yi. Na isa ina warin kifi.

Ajin Madam Marta na jan bulo ne ba yaɓe, tagarsa rami ne kawai a bango. Ban bi ta ƙofa ba. Na zagaya ta baya, na cire takalmi na zauna a kai ƙarƙashin tagar. Sai da na zauna na tuna da ke.

Tana kiran suna. Na ɗaga kai kaɗan na leƙa, na ga littafin sunayen a rufe a kan tebur, ba ta ko kalle shi ba. Tafiya take tsakanin yara tana kiran kowa tana duban fuskarsa. Na ciro carbi ina ja, na zagaye talatin da uku sau biyu ba ta gama ba. In wani bai zo ba sai ta tambayi na kusa da shi ko zazzaɓin ne har yanzu, ko kuwa an sake tura shi ɗibar ruwa. Kin san ni a kasuwa ba na yarda da makiyayin da bai san sunan shanunsa ba. Na fara ganin cinikin yana kuɓuce mini.

Sai ta iso kan wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ke zaune daf da tagar da nake. 'Yar Fulani ce, da ganin kitsonta, sabuwar zuwa. Aka kira sunanta ba ta amsa ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan allonta, ba sauti. Kulu, wallahi Ummi na gani. Har yadda take matse gwiwoyi.

Madam Marta ba ta ɗaga murya ba. Ta tattare zaninta ta durƙusa har kansu ya zo daidai. Ta yi mata Faransanci, shiru. Ta yi Larabci, shiru. Sai ta yi mata Fulatanci, irin Fulatancin da ko saniya ta ji sai ta juyo ta kalle ta. Yarinyar ta ɗago, ta dube ta, ba ta san lokacin da ta buɗe baki ta gyara mata ba. Madam ta sake faɗa, ta sake ɓatawa, ina jin da gangan. Yarinyar ta sake gyarawa da ƙarfi, har da nuna yatsa. Aji ya fashe da dariya, amma malamar ake wa, ba yarinyar ba. Madam ta ce wa sauran daga yau ga wadda za ta riƙa koya mata, kowa ya tafa mata. Ta wuce kan na gaba kamar ba a yi komai ba.

Ni kuwa warin kifin nan ne ya tona mini asiri. Wani yaro ya leƙo ya ce, “Madam, akwai tsoho a taga, yana kuka!” Ƙarya yake, ƙura ce ta shiga mini ido.

Da aka fita hutu ta zo ta same ni, ta ce, “Baba, sufeto ne kai ko ɓarawon alli?” Na ce dillali ne. Na gaya mata abin da ya kawo ni, na tambaye ta ko a Abeshe aka koya mata wannan durƙuson. Ta ce a'a. Ta ce karatun duk ɗaya ne, littattafan nan da na can iri guda, malamai nagari suna ko'ina. Ita 'yar kudu ce, daga wajen Kumra. Ranar da ta sauka Abeshe ko tumatir ba ta iya saye ba sai da nuni. Wata uku tana cikin mutane kamar kurma. Da aka tura su gwajin koyarwa a ƙauyuka, yaran ne suka koya mata Larabci, suna mata dariya tana haddacewa. Ta ce, “Ni na san abin da yaron da ya yi shiru yake ji, Baba, don na yi shirun nan da girmana.” Sannan ta karkace kai ta ce, “Makarantar kusan nan, jikarka kake zaɓa wa ko kanka?” Na ce mata rubutunta a karkace yake. Ta ce haka ne.

A mota na riƙe maganar rubutun nan gam, ina juya ta. Metir Abakar ya fi ta rubutu, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Har rabin hanya ina jin na samu hujja. Daga nan sai na ji muryarki, yadda kike faɗa in kin gaji da labaraina: “Garba, kai jikan matafiya ne, amma iyakarka kasuwar shanun Masaget.”

Gaskiyarki. Malam Bawa, kakana, ya taso daga Haɗeja da jaki ɗaya da matarsa, zai je Makka a ƙafa. Ya ƙetare kogin nan, garin nan ana ce masa Lami a lokacin, sai matarsa ta haifi babana. Ya ce bari yaro ya yi ƙwari, baɗi mu wuce. Baɗi ta zo, ya ce baɗi. Yana nan kwance a maƙabartar da kike. Gorar ruwansa tana rataye a ɗakina. Zangunan da suka rage masa kuwa ya haddace su daga bakin masu dawowa, ya ba babana, babana ya ba ni: Masaget, Bokoro, Ati, Umm Hajar, Abeshe, Adare, sai ƙasar Sudan. Shekara saba'in ina jero su kamar na taka su. In ka cire Masaget, ba wanda ya taka sauran a gidan nan. Kuma duk abin da nake alfahari da shi a labarin mutumin nan, ai shi ne ya bar gida ya zama baƙo. Yau ga jininsa ta ce za ta yi gabas, ni mai riƙe da labarin na tsaya a ƙofa da sanda ina cewa baɗi.

Ummi ta san shirun aji, kin fi kowa sani. Amma shirunta ke kika ɗauke mata rabi, daga ƙarƙashin taga. Tun daga nan ba ta taɓa kwana inda ba a san sunan kakanta ba. In ta zauna kusa da ni za ta zama malama mai kyan rubutu, ba na shakka. Ni dai na ga ɗayar saniyar.

To Kulu, ga abin da na kasa faɗa wa yarinyar nan ido da ido, shi ya sa na biyo da shi ta wajenki. Kwana uku yana maƙale mini a wuya. Ranar Litinin ta rubuta Abeshe.

Ta daina danna wayar. Ke Ummi, rubuta mana, mun yi sharaɗi. Goge fuskarki ki rubuta, kada ki jiƙa wayar mutane. Kulu, kin ga takwararki, bakin da ya yi mako uku yana cina yau kuka yake yi.

Ba kyauta na yarda ba, kada ki ɗauka na yi laushi. Na farko, wajen Asabe 'yar ƙanwarki za ta sauka, wadda ke aure can, ba ɗakin haya ba. Na biyu, ni zan kai ta da kaina. Sani ya ce gwiwata ba za ta ɗauki yini a mota ba, tun kafin ma ya san na yarda yake faɗa, don ya san ubansa. Gwiwar ta ɗauki kifin Gasi, za ta ɗauki Abeshe. Zan tafi da gorar Malam Bawa, in cika ta da ruwan can, ko ba komai ta matsa gaba da zango biyar.

Na uku shi ne mai wuya. Kin san yadda na hana a rubuta sunayen kakanninmu a takarda. Na ce abin da aka ba takarda, kai sakinsa yake yi. Har yanzu haka na gani. Amma kafin ta tafi za ta sayo sabon littafi, mu zauna bayan la'asar in jero mata su tun daga Haɗeja, da matansu, da inda aka binne kowa, ta rubuta da hannunta. In ta dawo hutu kuma sai ta jero mini da ka, littafin a rufe, kamar Madam Marta. In ta ɓata ɗaya ba ta cin naman sallah.

Akwai konkur a gabanta tukuna, jarrabawar shiga. Ba zan ɓoye miki ba, a makon farko na rigimar nan na taɓa fara addu'ar Allah ya sa ta faɗi. Ban ƙarasa ba, na yi istigfari. Yanzu kullum bayan salla ina roƙon ta ci, da ƙarfi, don a shafe wancan.

Shayin la'asar kuwa ban san wa zai kawo ba. Matar Sani tana da kirki, amma tana ajiyewa ne ta wuce. Zan saba. Na saba da rashinki ma, ko da yake wannan ƙarya ce, kuma kin san ƙarya ce.

Saura abu ɗaya. Kallabinki rawaya yana nan a ƙasan akwatina. Da aka raba kayanki na ɓoye shi, na bar su suna ta nema har suka ce ya ɓata. In Allah ya ja kwanana har ranar da Ummi za ta fara tsayawa gaban aji nata na kanta, ko a wane ƙauye aka jefa ta, zan je. Ba zan bi ta ƙofa ba. Zan zagaya baya in zauna ƙarƙashin taga, in ɗaura kallabin a kan sandata in ɗaga shi kaɗan, daidai yadda za ta hango bakinsa. Ranar nan ita ma muryarta za ta iya maƙalewa. Gyaɗa kuwa zan saya a hanya, kada a ce zaman banza nake.

Allah ya jiƙanki, Kulu. Allah ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya saka miki da kowace rana da kika sha a bakin tagar nan. Allah ya yafe mini faɗan da na yi miki a kan abin da kika fi ni gani. Allah ya tsare takwararki a hanya, ya haɗa ta da mutanen kirki, ya ba ta gwiwar durƙusa wa ɗan wani. Ya sada mu a inda ba a rabuwa. Amin.

In kin haɗu da Malam Bawa, ki gaya masa baɗin ta zo.

Naki mai taurin kai,
Garba Dillali, Amrigebe.
Da bakina, da hannun Ummi.